Tara da Rabi

An liƙa takarda a bangon fakilte.
Na bi ta da yatsa tun daga sama
har yatsan ya kusa shafar ƙasa.
Can na tarar da kaina: Tsahiru Nomau,
tara da rabi bisa ashirin.
Rabin maki tsakanina da ƙofa,
rabin da ko kaza ba ta duƙa ta tsinta ba.

Na tako da ƙafa har Bagalam,
don dala arba'in ta kabu-kabu
kuɗin fotokofi ce, shafi takwas na ƙasusuwan hannu.
Inna Habsu tana matsar tunkuza,
mai yana bin gwiwar hannunta.
Ba ta ɗago ba ta ce, "Nawa?"
Na faɗa.
Ta ce, "Gyaɗar bana ma ta hana mai,
ka ga na kashe wuta?"

Zancen bursu ya mutu a ranar.
Na koma aji guda da ƙannen abokaina,
suna ce mini Babban Yaya,
suna aron tsoffin tambayoyin da suka kā da ni.

Da dare ina wanke gilasai a ɗakin awon jini,
jika goma sha biyar a wata, in an tuna.
Malam Gambo yakan bar mini idon na'ura
in ya fita sallar isha'i.
Nan na gane jini gari ne:
wasu ƙwayoyi zagaye kamar faifai,
wasu sun lanƙwashe kamar lauje,
a cikin wasu kuma baƙo ya shimfiɗa tabarma
yana ci bai yi sallama ba.

Na sayi kaye mai shafi ɗari biyu.
Duk yaron da aka kawo na rubuta shi:
daga Tibiri, daga Jiratawa, daga Safo,
wane wata, wace rijiya,
kwana nawa uwa ta yi tana jira
kafin a sayar da akuya.
Babu wanda ya sa ni.
Tambaya ce ta kama ni kamar ƙarangiya a wando.

Ranar da na ce wa Farfesa Jadi
ina son in koyar, in yi bincike,
ya cire tabarau, ya dubi makina ya daɗe.
"Ɗana, ƙare tukuna.
Karkara na neman likita ido rufe.
Allo kuwa na masu goma sha shida ne."
Na ce na gode.
Na fito ina lissafin shekarun da suka rage,
da takalmi nawa za su ci,
da ko gwiwar Inna za ta kai.

Sai na manta kayen a kan benci.
Kwana tara ina nema, har cikin kwandon shara.
Ran na goma Malam Gambo ya miƙo mini shi
yana danne dariya.
Jan biro ya bi shi shafi-shafi,
jan nan dai da ya rubuta tara da rabi.
An gyara mini jimla uku da lissafi ɗaya.
A shafi na saba'in an ja layi biyu:
"Me ya sa ƴaƴan Safo suka fi zuwa bayan girbi?
Ban sani ba ni ma. Zo Laraba."

Ban sani ba ni ma.
Na karanta shi a tsaye, na karanta a zaune.

Ba a ƙara mini ko rabin maki ba.
Kuɗin rajista har yanzu rabi ne a gwangwanin Inna.
Da na ba ta labari ta goge hannu a zane:
"Wannan likitan mai koyar da likitoci,
shi ma yana duba ƙafa?"
Na ce yana dubawa.
Ta ture turmi, ta miƙo ta hagu.
"To fara da wannan, kafin Larabar."