Bawul

Shekara goma sha tara ina faci a gindin gadar Agege,
na san kukan iska in ta sami kafa.
Nakan tsoma tub a ruwan daro,
in bi shi da ido har kumfa ta tona asiri.
Wani sa'in ba huda ba ce.
Sai in shafa yawu a bakin bawul,
in ya yi ƙwai, in ce wa direban danfo:
Oga, tayarka lafiya lau, ƙofarta ce ba ta rufuwa.

Da haƙori abin ya fara.
Turmin hagu, ya hana ni tauna ko biredi.
Wani mai filaya a Oshodi ya tumɓuke shi,
ya ba ni auduga da ruwan gishiri.
Na tofar da jini a kwata, na hau mota.

Bayan mako uku sai zazzaɓi,
ba mai kayar da mutum ba,
mai zuwa da la'asar, kamar mai bin bashi da ya san gida.
Kemis ya ce maleriya. Na sha.
Ya ce taifot. Na sha.
Lantana ta dafa darbejiya, na yi surace har na ga taurari.
Gumin dare ya jiƙa katifa.
Na ƙara wa bel huda biyu.
Gudumar da nake ɗagawa da hannu ɗaya
ta koma ta mutum biyu.
A ƙarƙashin farcena, jan zare kamar sartse.
Ilu yarona ya ce datti ne.
Na kankare, bai fita ba.

A asibitin Idi-Araba
likita Adunni ta ɗora abin saurare a ƙirjina,
ta karkata kai, ta yi tsit.
Na gane wannan shirun.
Shi nake yi in na kara kunne a taya.

Suka ɗebi jinina kwalba uku,
suka ajiye shi a ɗumi kamar ƙwan da ake jira ya ƙyanƙyashe.
Ya kuwa ƙyanƙyashe.
A allon na'ura na ga zuciyata, baƙi da fari,
da wani ɗan tsumma maƙale a ƙyaurenta
yana kaɗawa duk bugu.
Ta ce: ƙwayoyin cuta ne, ta gurbin haƙori suka shigo,
suka bi jini, suka yi sheƙa a kan bawul.
Ba kasafai ake ganinta ba.
Na ce: duk yawan mutanen Ikko, ni ta gano?
Na ce: ana faci?

Ta ce allura tukuna, mako shida.
In ta ƙi, sai wuƙa.
Ta rubuta kuɗin wuƙar a takarda,
na ƙirga sifilin kamar notin tayar tirela,
na ninke takardar, na sa ƙarƙashin matashi.

Mako shida ruwa na ɗiga cikin jijiyata,
damina na ɗiga a kwanon rufi.
Lantana ta sayar da keken ɗinkinta, ba ta faɗa min ba.
Mutanen zango suka zagaya da hula bayan Juma'a.
Kowace safiya Ilu ya kira,
ya kara wayar a injin iska don in ji yana numfashi.

An sallame ni ba a yanka ba.
Tsumman ya bushe, in ji ta, amma ya bar tabo:
ƙofar na yoyo kaɗan, a riƙa dubawa.

Yanzu cikin dare, in janaretan maƙwabta ya mutu,
nakan ɗora tafi a ƙirji in saurara.
Dum, sai fuu. Dum, sai fuu.

Jiya wani direba ya ce, yi min iska kawai, sauri nake.
Na durƙusa, na shafa yawu a bawul.
Na ce masa tsaya tukuna,
mu ga ko zai yi ƙwai.