Usur ɗin Yegor

A Asawase, bayan la'asar,
filinmu jar ƙasa ne da fasassun kwalabe,
raga kuwa sanda biyu da igiyar shanya.
Ni ne Tanko mai ɗingishin hagu.
Yara na ce mini Koci,
sa'annina na ce mini Ɗan Rasha, suna dariya.

Usur ɗin nan na wuyana ba nawa ba ne.
Na wani tsoho ne, Yegor,
a garin da aka tura ni koyon gyaran tarakta,
inda numfashi ke fita kamar hayaƙin murhu,
rana ta leƙo ta ce sai gobe.

Ya buga ƙwallo tun tana da igiya kamar takalmi,
tun sarki na mulkin ƙasarsu.
Da safe yana masaƙa, auduga na shiga huhunsa,
da yamma ya tsare baya, ba mai wuce shi sai da tabo.
Yaƙi ya zo ya ɗebi bakwai cikin sha ɗayansu.
Shi ya dawo,
gwiwarsa ce ba ta dawo ba.

Sai ya koma bakin layi da tsohon kwat.
Kulob huɗu ya riƙe, huɗun suka sallame shi.
Kofi ɗaya tak ya ci, na kwano,
matarsa na zuba gishiri a ciki.

Ban ji yarensa sosai ba, bai ji nawa ko kaɗan ba.
Ƙwayar sukari sha ɗaya yake jerawa a tebur,
ya tura wannan, ya ja wancan,
in na yi kuskure ya jefa mai tsaron gidana a shayi
ya shanye, yana kallona.
A haka na gane
mai gudu ƙwallo yake gani,
wanda ƙafa ta ajiye shi ke ganin fili.

Ranar da zan taho bai raka ni tasha ba.
Ya cusa mini usur a aljihu, ya juya,
kamar wanda aka ci a minti na ƙarshe.
Wasiƙa biyu na aika. Shiru.

Yau shekara nawa, na daina ƙirga.
Ni ma Aboabo sun kore ni, sun dawo da ni, sun sake kora.
Bashin sidi talatin na mai koko na kaina,
na kuɗin motar yara zuwa Tafo,
inda aka zuba mana uku.

Ga hadari ya taso ta Manhiya.
Sumaila, ɗaga kanka, ɗan nan!
Awudu na can shi kaɗai tun ɗazu, ba ka gani?
Na hura usur.
Ƙwayar cikinsa ta tsufa, sai ta ga dama take kaɗawa,
amma yaran sun tsaya.