Kujerar Gaba Wayam

Shekara talatin da ɗaya ina bin kwaltar nan,
Jidda zuwa Makka, Makka zuwa Ɗa'ifa.
Na san inda hanyar Hada ke murɗewa kamar macijin da ya sha sanda,
na san dutsen da birai ke zama jiran ɓawon ayaba.
Tafin hannuna ya yi kanta,
gwiwata ta dama ta riga ta hagu tsufa.

Jiya bayan isha'i Rumasa'u ta miƙo mini waya.
"Baba, duba." Na duba.
Farar mota ce tafe, ta kunna sigina, ta tsaya wa danja,
kujerar gaba wayam, sitiyari na juya kansa
kamar aljani ne ya ɗauki haya.
Na nemi tsari. Ta yi dariya.
Ta ce, "Ba ta gyangyaɗi, Baba. Ba ta zuciya. Ba ta amsa waya."

Na yi shiru, don ta fama mini gyambo.
Hambali ne ya faɗo mini a rai,
abokin shan shayina a tashar Kilo Ashara,
wanda bai taɓa goge wa kowa fenti ba.
Sawu huɗu ya yi bai runtsa ba, mai gida na bin sa kuɗin ɗaki,
dab da Rabig ido ya ci amanarsa,
ƙiftawa ɗaya tak.
Rai shida.
Ni na tsinci takalminsa a gefen titi, wari guda,
har yau yana cikin but ɗina, na rasa wanda zan ba.

To me zan ce wa yarinya?
Ni ma na sha farkawa taya na taunar tsakuwa,
fasinja na salati, ni ina ƙaryar rami na kauce wa.
In ƙarfen nan zai mai da mutum shida gida lafiya,
wane ni in ce a bar mana tuƙi don tuwo?

Na dai ce mata, ni ina gane raƙumi cikin duhu
tun fitila ba ta kama shi ba,
daga inda taurari suka yi giɓi a bakin hanya.
Ta ce ita ma tana gani.
Wataƙila.

Abin da ban faɗa mata ba:
wata tsohuwa 'yar Gumel na taɓa ɗauka zuwa Madina,
kuɗin daddawar shekara ashirin ne ya kawo ta.
Da hasumiyoyi suka ɓullo da asuba
sai na ji numfashinta ya sake a bayana.
Ba wanda ya ce in sassauta.
Ƙafata ce ta ɗaga da kanta,
muka shiga gari a hankali, kamar masu ɗauke da ƙwai a faifai.

Kuma bayan Hambali, mu direbobi muka bi gida biyar,
muka tuɓe takalmi a ƙofa, muka sunkuyar da kai,
aka harare mu, aka ba mu ruwa.
Ran da marar direba ta yi ɓarna,
wa zai zauna a tabarmar makoki?
Kamfani ba shi da idon da zai sunkuyar.
Takarda zai aiko.

Likita ya ce yana ta fara rufe mini ido na hagu.
Lasin ɗina saura shekara biyu.
Na san ranar tana tafe, ba ta kuma gyangyaɗi.
Zan buɗe ƙofar baya, in zauna kamar alhaji,
in karanta addu'ar tafiya, tawa da ta wanda babu.
Amma in mun kai kwanar nan ta Hada, inda hazo ke sauka,
Rumasa'u, kada ki yi mini dariya
in kin ga ƙafata tana laluben birki a ƙasa.