Daƙiƙa Tamanin da Bakwai

An aiko ni Peniche da agogo da takarda,
in auna manhajar hawan jini:
tana bin hannun mai ita,
ko ita ke jan sa a ƙasa.

Ɗakin asibitin na kallon matsayar jiragen kamun kifi,
ƙarni na shigowa ta taga ba sallama.
Na goma sha ɗaya a jerina,
Amílcar Bandarra, masunci, saba'in da uku.

"Ga waya, Baba. Shigar da awonka na safe."
Na danna agogo.

Ya goge yatsa a wando, ya taɓa.
Shiru.
Ya sake. Shiru.
Shekara hamsin igiya da gishiri na cin fatar nan,
ta yi kantar da gilashi bai ɗauke ta jikin mutum ba.
Sai ya juya hannu, ya ƙwanƙwasa da bayan gaɓa,
ƙofa ta buɗe.
Na rubuta: kuskure biyu.
Dabara ɗaya kuwa ba ta da gurbi a takarda.

Maɓallin ajiyewa shuɗi ne a kan shuɗi,
ƙanƙane kamar idon kifi.
Mutumin da ke gano hadari tun yana bayan tsibirin Berlenga
ya laluba, ya rasa.
Ya ce, "'Yata, idanun ne."
Idanun ba su yi laifin komai ba.
Mu ne muka zauna a Lisbon, cikin sanyin ofis,
muka zaɓi launin don ya burge a taro.

Daƙiƙa tamanin da bakwai.
Ashirin muka yi zato.

Sai tambayoyi goma, daga ɗaya zuwa biyar.
Da sauƙi? Biyar.
Za ka so ka riƙa amfani da ita? Biyar.
Kana bukatar wani ya taimake ka?
Ya dubi takalmina da ruwan sama ya jiƙa,
ya auna nisan da na taho,
ya ce a'a.
Labarin zuciya a tambayi fuska,
ni kuwa baki aka ce in tambaya.

A bakin ƙofa matarsa Deolinda na riƙe da lema.
Ta ja hannun rigata, ta rage murya:
"Ran Lahadi jikarmu ke zuwa ta cika masa na mako.
Shi a bangon kicin yake rubutawa, da fensir,
gefen jadawalin cikar teku da janyewarta.
Bai taɓa tsallake rana ba."

A motar komawa na tara maki.
Casa'in cikin ɗari.
Ofis zai yi tafi.

Alƙalami na hannuna har muka wuce Torres Vedras,
ruwa na zana nasa lissafin a gilashi.
Can ƙasa, inda aka bar layi biyu don ƙarin bayani,
na rubuta: a ƙara girman maɓalli, a sauya shuɗin.
Layi ɗaya ya rage.
Na rubuta: wani ya je ya ga bangon kicin.