Zare Huɗu, Ƙulli Ɗaya

Sunana Asabe Didam.
Gyaran keken ɗinki nake yi a bakin Kasuwar Barci.
Ubana ɗan Zonkwa ne, masaƙar Kakuri ta kawo shi birni,
uwata 'yar Tudun Wada.
Shi ya bi ta har masallaci, ita ta bi shi har ɗakin haya.
Shan inna ya karɓi ƙafata ta hagu ina shekara uku,
ya ba ni canjin ƙarfe da maɗaurin fata.

Ran Litinin na je taron mata masu sana'a,
an ce za a raba jari.
Bene hawa uku, matakala arba'in da biyu,
daga ƙasa na ƙirga su, da ido.
Tafinsu na zubo mini ta taga
kamar indararo a kan wadda ta zo ba tulu.
Mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, naku sai Laraba."

Laraba na je namu.
Nan babu bene, alhamdu lillahi.
Maza goma sha ɗaya, sanduna jingine da bango,
kowannensu ya san ciwon da na sani.
Aka kira injin walda, aka kira injin niƙa.
Da aka zo kaina shugaba ya gyara zaman hula:
"Mace da sukundireba?
Ga kasko, ki soya ƙosai, Allah ya sa albarka."

Takardar asali kuwa, kada in gajiyar da ku.
Magatakarda ya juya sunana kamar kwabon da ya daina ci,
ya ce, "Didam? Ai can kudu za ki."
Na je can ɗin da kuɗin aro.
Wani magatakardan ya dubi hijabina,
ya gaishe ni da harshen ubana,
harshen da ban gada ba sai sunan ruwa da na gishiri.
Na yi shiru. Ya rufe littafi.

Ƙetaren gada, mai gida ba ya ba masu salla ɗaki.
Wannan gefen, mai gida ba ya ba mace marar miji.
Na ukun bai ce uffan ba,
ya dubi ƙafata, ya dubi dokin ƙofarsa,
sai ga shi ashe jiya aka kama ɗakin.
Kogin dai yana wucewa abinsa,
bai taɓa tambayar mai wanki sunan kakansa ba.

Kowa da 'yar wuƙarsa,
kowa ya rantse yanka ɗaya ya yi, shi ma ƙarami.
Na yarda. Amma naman ɗaya ne.

Na kai kuka ofis, aka miƙo mini takarda:
zaɓi gurbi ɗaya.
Don ke mace ce? Ga sunayen mata hamsin da suka samu.
Don ƙafa? Ga guragu ashirin, har da hoto.
Don ƙabila? Ai direbanmu ma Didam ne.
Lissafi ya cika cif,
ni ce ragowar da ake gogewa a gefen allo.

Ni fa aikina ya koya mini wani abu.
In zare ya cukurkuɗe ƙarƙashin allura,
ba a tsayawa shari'a tsakanin na sama da na kwarkwaro.
Faranti ake cirewa, a sunkuya,
a dubi ƙullin yadda yake.
Wanda ya ja zare ɗaya da ƙarfi
ƙara ɗaure sauran ya yi.

Jiya da la'asar sai ga shugaban nan na Laraba,
an sauke masa keken matarsa daga bayan mota,
ya ce gari duk an gwada, ya ƙi.
Bai gane ni ba, ko ya gane, oho.
Na cire faranti, na hura, na ɗiga mai,
keke ya kama gudu kamar sabon yaye.
Ya ce, "Nawa?"
Na faɗi kuɗin da maza ke faɗi,
ban rage masa ko ficika ba.