Ratse

Tsakanin Jega da Maiyama, inda ruwa ya cinye gada,
an kafa allo da jan fenti, kibiya na nuna hagu.
Jaɓɓi ya taka birki, ya kalle ni ta madubi:
"Malam, wagga daibashan da su ka rubutawa,
mi ta ka nuhi?"

Na ce, ratse.
Sai na ji kunyar gajartar amsata,
don na tuna Malam Barmo, a aji uku,
aji mai warin alli da kashin jemage,
ranar da ya ɓare kalmar nan kamar goro:
ɓari ɗaya "gefe", ɓari ɗaya "juyawa".
Ya ce a bakin Rumawan da aka haife ta,
Faransawa suka yi goyo,
ta ƙetare ruwa, ta yi aure a Ingila.

Ya ce kogi ake yi wa ita,
a sare masa kafaɗa ya shiga gona ba da son ransa ba.
Mayaƙa ma sun ɗauka:
a buga ganga a gabas, a shiga gari ta yamma.
Daga baya ta koma kan zuciya.
Mutum na zaune da baƙin cikinsa,
a ja shi wajen kiɗa da wasa har ya manta,
sai suka kira wasan kansa da sunan.
Malam ya yi dariya, haƙorin makkansa ya haska:
"Kun ji mutane! Nishaɗi ma a wurinsu kauce wa hanya ne."

Bai gaya mana ana yi wa kuɗi ba.
Wannan rediyo ce ta koya mana,
kuma ga gadar nan tana ba da shaida.

Mu kuwa ba mu ɗora wa kalma ɗaya wannan kaya ba.
Mai ratse zai dawo,
ruwa kawai ya tsaya sha a gidan ƙanwarsa.
Mai kaucewa ƙaho ya gani.
Kayan jaki ne ke karkata, a sa dutse a ɗaya mangalar.
Wanda ya bauɗe, ana kiran sa, yana jin kira.
Wanda ya fanɗare, sai addu'a.

Ni wanne na yi?
Kaduna na nufa, ina ɗan ashirin da huɗu,
takardar kiran aiki a aljihun gaba, na ninke ta huɗu.
Mota ta mutu a Andarai.
Kwana biyu ana jiran ƙarfe daga Sakkwato,
hedimasta ya ji ina karanta jarida da ƙarfi,
ya ce riƙe mana aji mako guda.
Makon ya haifi shekara talatin da ɗaya,
da Kulu, da 'ya'ya bakwai,
biyu suna kwance bayan gari,
da mangwaron da yanzu ya fi ɗakina tsawo.
Takardar tana nan cikin ƙamus,
gara ta ci sa hannun.

Motar ta gangara cikin rairayi.
Damina uku kenan da kafa allon.
Ga mai faci, ga mai shayi da bencinsa,
mata na suyar ƙarangiya da tarwaɗa,
an jera duwatsu an fitar da alƙibla.
Wani yaro ya ɗago tiren rake ta taga,
na tambaye shi ɗan ina ne,
ya ce, "Ɗan Daibashan."
Can sama, tafasa ta tsiro a tsakiyar kwalta.

Jaɓɓi ya ce, "To in an gyara gada,
waɗanga ina za su?"
Na buɗe baki, ban sami fassara ba.
Wata tsohuwa a baya, da kwandon albasa a cinya,
ta ce, "Ku dai ja mota, rana na yi."