Jin Mota da Haƙori

A bayan tasha, inda dutse ya raba hanya biyu,
nan garejinmu yake: kwano uku da inuwar bedi.
Ran Laraba aka turo ta, yara bakwai da jaki ɗaya,
katsankat bashe, fara a da, yau launin katangar Birni.
Kaza ta yi ƙwai a kujerar direba,
gizo-gizo ya ɗaure sitiyari kamar mai bin bashi.

Hajiya Fanna ta biyo baya, makulli ƙulle a bakin zane.
Ta ce, "Ba Tanut za ni ba, ba Magarya ba.
Shekara goma sha tara rabona da muryarta.
Da ita Manzo ke sallama tun daga kwanar masallaci,
kafin ya kai ƙofa na ɗora ruwan shayi.
Ku tashe ta sau ɗaya in ji. Nawa ne?"

Maigida Kalla bai ji ba. Kunnensa ya aje aiki
tun zamanin da Barliye ke hawa Agadas da gero.
Ya dubi bakinta, ya dubi motar,
ya tofar da goro: "Tsahiru, kile goma sha uku."

Kwana tara muna cikinta.
Fistan ya kafe kamar gardamar tsoho,
muka jiƙa shi da gazuwal, muka lallashe shi da taɓarya.
Buji huɗu: biyu sun mutu, biyu sun suma.
Juwan karbirato ko a Kano babu, in ji mai waya,
sai Kalla ya yanko shi daga kwalin sukari
da almakashin da yake gyara gemu.

Ran Alhamis na shiga Dole neman danginta.
Na iske ƙafar yayarta ƙarƙashin amalanken mai ruwa,
haƙarƙarin ƙanwarta wurin maƙeri, ya zama hauya,
wata ƙofa tana tsaron awaki a Karkada.
Mota ba ta mutuwa a Damagaram, gadonta ake rabawa.
Dinamo kuwa, sai da na rantse, na ƙara jika biyu,
kafin mai shi ya saki.

Famfo ya kwana huɗu bai ce uffan ba.
Jarka ɗaya muka saya:
radiyato ya sha rabi, muka yi alwala da saura.

Juma'a, bayan la'asar, na murɗa makulli.
Tari. Na sake. Tari da baƙin hayaƙi.
A na uku ta kama, tana ɗingishi kamar mai ƙaya a dunduniya.
Kalla ya kafa dogon turnabis a kan inji,
ya ciji ƙotar da haƙora huɗun da suka rage masa,
ya rufe ido.
Ta nan yake ji, ƙarfe zuwa ƙashi, ƙashi zuwa ka.
Ya ɗaga yatsa uku: ta uku ce ke ƙarya.
Ya taɓa wani abu, bai kai ƙwayar gero ba,
sai numfashinta ya kwanta, sumul, kamar na jariri.

Na dubi Hajiya, ina jiran tukuici.
Tana zaune kan tsohuwar taya, kai a karkace.
Ta daɗe. Ta ce, "Wannan ba ita ba ce.
Tamu tana da wani kacau-kacau daga baya,
kamar cokali cikin kofin tangaran."

Ni na ɗaure shi, ranar Talata, har ina alfahari.
Na faɗa wa Kalla da baki da hannu.
Ya yi dariya har hularsa ta faɗi,
ya kwanta a ƙasa, da shekarunsa saba'in da wani abu,
ya shige ƙarƙashi,
ya sassauta bulo ɗaya, rabin juyi.

Kacau. Kacau-kacau.

Hajiya ta miƙe, ta gyara lulluɓi,
ba mu take kallo ba, hanya take kallo.
Ta ce, "Kada ku kashe tukuna.
Bari in je in ɗora ruwa."